Kara ko Ƙara

Daga gidan kula da tsofaffi

Taubashi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya gwiwar? Ko har yanzu sai ka huta a tsakiyar matakalar maɗaba'a? Ni lafiyata lau, sai ciwon baya na ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, wanda kowa a nan yake da irinsa, har an daina sa shi cikin ciwo.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta da biro a hannu kamar kullum. Kai da ake biya don ka gyara rubutun mutane, ka buga wasiƙa a na'urar da ba ta san ƙugiya ba, ka bi da alƙalami kana sa wa baƙaƙe ƙugiyoyinsu, amma ka tsallake rabi. Ka rubuta min wai uwargida ta yi "baki" ranar Asabar. Na daɗe ina tunanin wa ta tsine wa kafin na gane baƙi ta yi. Ko da yake mai zama da kai, in ta yi bakin ma ba a ga laifinta ba.

Ka ce in riƙa kiranka a waya. Mu huɗu ne a ɗaki, gado sama gado ƙasa, kuma biyu daga cikinsu suna jin yarenmu sarai. A bakin aiki kuwa waya tana kulle a akwati har a tashi. Zancen gida sai takarda.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata abokiyar aikina ta nuna min wani taron matasa a wayarta, suna hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya suna karanta abin da suke kira waƙa. Wata yarinya ta tsaya tana faɗin yadda uwarta take kuka a kicin in ubansu ya fita. Tafi aka yi mata, Taubashi. Kuma a layi na biyu na masu tafin na ga wata da mayafin da na aiko wa 'yata Kanari bara. Hoton bai fito sosai ba, amma uwa ba ta bukatar hoto ya fito.

Ka san sharaɗin da ubanta ya kafa kafin ya yarda ta zauna gidanka. Don kusa da makarantarsu ne kawai, kuma ya ce ranar da ya ji wani abu, ranar zai zo ya ɗauke ta. Ni ina nesa, ba ni da abin da zan kare ta da shi sai kai.

Kada ka ce na tsufa. Ni ina ganin ƙarshen wannan hanya kowace safiya. 'Ya'yan mutanen da nake yi wa wanka duk irin waɗanda ake cewa sun iya faɗin abin da ke ransu ne. Sun faɗa wa iyayensu komai, sun huce, sun kawo su nan sun ajiye. Akwai wani tsoho da yake sa riga mai kyau kowace Lahadi ya zauna kusa da taga. Ni nake cire masa ita da yamma.

Ka je ka gano min da idonka. Ka gaishe da uwargida, ka ce mata Allah ya ƙara haƙuri.

Taubashiyarka


Daga maɗaba'a

Uwar Kanari,

Amin wa alaikis salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, mun yi yarjejeniya: ni ba na gudu, ita ba ta kumbura. Kanari tana lafiya, ta ɗan rame saboda jarrabawa, amma baki bai rame ba. Wannan bakin ba shi da ƙugiya, kada ki sa masa.

Na je. Ita da kanta ta kai ni, da na tambaye ta ba ta ɓoye ba. Ɗaki ne a saman wani shagon wayoyi, da kujerun roba da fanka ɗaya mai juyawa in ta ga dama. Da la'asar ake yi, a tashi kafin magariba. Ni ne mafi tsufa a wurin da tazara mai yawa. Wani yaro mai gashi kamar an jona shi da lantarki ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Baba, zauna nan, fankar ta fi kaiwa nan." Na faɗa miki wannan ne don ki sa shi a cikin lissafinki na lalacewar zamani.

Gaskiya yawancin abin da na ji ba waƙa ba ne, ƙorafi ne da aka yanka layi-layi. Da a teburina ya faɗo, jan biro zai ƙare. Wasu kuma suna tona asirin gida don tafi kawai, a nan ina tare da ke. Amma ba na tare da ke a kan dalili. Yaran nan ba su suka rusa gidajen ba. A rushe suka tarar da su, aka kuma ce kada su tambaya. Mu an koya mana shiru, mun kuma iya shi ƙwarai. Ki ƙirga min auren da shirun ya ceta a cikin danginmu, ni na ƙirga, yatsun hannu ɗaya sun yi min yawa.

Kanari ba tafi kawai take yi ba, ita ma tana karantawa. Ranar ta hau, kuma a kan rabuwarku ta yi magana. Ta roƙe ni kada in kwafo miki, tana so ta karanta miki da bakinta in kin zo, na kuwa yi alkawari. Abin da zan iya faɗa shi ne ɗakin ya yi tsit, har mai gashin nan ya sunkuyar da kai. Abin da ta yi wa ubanta a gaban mutanen nan kara ce, kuma ban taɓa ganin irinta ba a wurin yaro ko babba.

Zan tsaya nan, an kawo min shafukan gobe, mai injin yana tsaye a kaina kamar na ci masa wani abu. Sauran bayani sai wasiƙa ta gaba.

Taubashinki, kuma ubangidanki ko kin ƙi ko kin so


Daga gidan kula da tsofaffi

Taubashi,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni ban san yadda nake ba.

Ƙara. A gaban baƙin ido, a saman shagon wayoyi, 'yata ta kai ƙarar ubanta, kai kuma kana zaune ƙarƙashin fanka kana yabawa. Ko ƙugiyar ba ka tsaya ka sa ba, ni na sa maka ita.

Shekara nawa ina rufe abin da ya faru ranar da na bar gidan ubanta? Uwata ta rasu ba ta ji shi daga bakina ba. Ba don mutumin na yi ba. Na yi ne don yarinyar ta samu uban da za ta iya gaisarwa ba tare da ta kau da kai ba, don ranar da wani zai zo neman aurenta kada a ce ai gidan su wane ne. Ni na haɗiye, ita ta je ta amayar a dandamali. Ka ce shiru bai ceci aure ba. Wa ya ce maka aure nake ceto? Ita nake ceto.

Ban iya jiran wasiƙarka ta gaba ba. Da aka tashi aiki na tsaya a lungun matakala na kira ta. Ban bari ta yi magana ba, don na san in ta fara zan yi kuka, kuma mutane suna wucewa. Na ce mata na ji abin da ta yi, na ce ta ba ni kunya, na kashe.

Sannan na kira ubanta. Ka san rabona da jin muryarsa. Na ga gara ya ji daga gare ni da ya ji a bakin wani mai sayen gilashi a shagonsa, ko a tura masa a waya. Na ce masa yarinya ta yi kuskure, ta faɗi maganar gida a taro, ya yi haƙuri, laifina ne da na yi nisa. Ya ce, "Wane taro?" Na ce ya tambaye ka. Ya ce to, ya gode.

Ina ganin na tare abin kafin ya yi girma. Mutum in aka riga aka ba shi haƙuri, fushinsa yakan ragu. Kai dai ka hana ta komawa wurin nan, ka sa ta je ta durƙusa masa.

Ban yi fushi da kai har abada ba, amma yau na yi.

Uwar yarinyar


Daga maɗaba'a

Uwar Kanari,

Sallama. Jikinmu lafiya. Na jinkirta amsa ne don wasiƙar farko da na rubuta miki ba ta aikuwa, uwargida ta karanta ta ce in yaga. Wannan da hannu na rubuta ta, ki yi haƙuri da rubutun.

Babu ƙugiyar da na manta. Kara na rubuta, kara nake nufi, irin wadda kika ce yaran yanzu ba su da ita.

Tunda abin ya kai haka, na karya alkawarin da na yi mata. Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe. Ta ce: "Takalman mutum biyu ne a ƙofar ɗakinmu. Wata safiya na tashi na ga na mutum ɗaya." Ta yi maganar yadda ta koyi dafa abin mutum biyu a tukunyar mutum uku, da yadda take jin muryarki a waya tana zuwa a makare kamar daga cikin rijiya. Sai ta ɗago ta dube su ta ce: "Na san kun zo ku ji dalili." Ta yi shiru. Ta daɗe, har wasu suka fara gyara zama. Sannan ta ce: "Dalilin yana gida, can na baro shi. Mutumin da ya koya min ɗaure igiyar takalmi ba zai ji laifinsa a bakina a nan ba." Ta sauka.

Ta san komai, in ba ki sani ba. Tana bayan ƙofa ranar da ya mare ki a gaban maƙwabta ya fito da akwatinki waje. Tana da abin da za ta sa ɗakin nan ya tashi da tafi, ta riƙe. Abin da na kira kara ke nan.

Ubanta, Mai Gilashi, bai san da wani taro ba sai da kika kira shi. Washegari da hantsi ya zo. Bai ɗaga murya ba, ya gaishe ni, ya gaishe da uwargida, ya ƙi shan ruwa. Ya ce, "Me ta ce a kaina?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba. Shi ne abin da nake so ka gane."

Ya ce, "Uwarta ta ba ni haƙuri. Ana ba da haƙuri a kan babu?"

Na yi masa bayanin ƙugiya. Ki yi tunanin yadda na kasance, dattijo da furfura, ina zana baƙi a tafin hannu ina nuna wa mutumin da ya zo ɗaukar 'yarsa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "To na ji. Ta tsaya gaban mutane ta ce akwai dalili, ba za ta faɗa ba. Yanzu kowa a ɗakin nan ya tafi gida ya ƙirƙiro nasa dalilin, ya ɗora min. Da ta faɗa ma, da laifi ɗaya ne. Kara a ɗaki ake yin ta, Malam. In aka hau dandamali da ita, ta tashi daga kara."

Har yanzu amsar da na samu ba ta gamsar da ni ba.

Na ce ya bari ta gama zangon karatun nan a wurina. Ya ce, "Kai da uwarta ma sai an zauna an yi dogon lissafi kafin a gano inda kuka haɗu. Ni ubanta ne." Wannan kuma gaskiya ce, ba ni da ta cewa.

Kanari tana tsaye a ƙofar kicin duk wannan. Na zaci za ta yi magana, ke kin san ta. Sai kawai ta shiga ta haɗa kayanta. Uwargida tana kuka tana cusa mata sabulu da man shafawa a jaka kamar mai tafiya wata duniya. Da za ta fita ta durƙusa ta ce, "Kawu, na gode." Na ce ba ta da abin da za ta ce wa ubanta? Ta ce, "Umma ta ce na ba ta kunya. Ya isa haka."

Ban rubuto don in ɗora miki ba. Ni na san na'urar da nake bugawa da ita, na san kina karanta ni da biro, na kuma bar kalma irin wannan ita kaɗai na tafi duba shafukan gobe.

Taubashinki


Daga gidan kula da tsofaffi

Taubashi,

Na gaishe ka, na gaishe da uwargida, ka ce mata na gode da sabulun. Bayan yana nan. Barci ne dai ba ya zuwa.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin wanki, don nan ne kawai ake rufe ƙofa. Na ɗauko waccan da ka ba ni labarin taron na duba. Ƙugiyar tana nan da shuɗin birona, a kan baƙin da ba ya bukatarta.

Na nemi hutu. Shugabar sashenmu ta buɗe jadawali ta nuna min da yatsa: babu mai karɓar tsofaffina, kuma in na tafi kafin wa'adin kwantiragi ya cika, ba ni da hanyar dawowa. Ta ce, "Wani ne ya rasu?" Na ce a'a. Ta ce to alhamdu lillahi, ta rufe.

Na kira ubanta na ce ni na yi kuskuren karatu. Ya ce ya sani, ka yi masa bayani, kuma bai riƙe ni da komai ba. Ya ce yarinya tana lafiya, tana zuwa makaranta, shi yake kai ta ya ɗauko ta, daga nan ta zauna a shago har a rufe. Na ce a ba ni ita. Ya ce ta ce tana gaishe ni. Wayarta kuwa tana shiga, ba a ɗauka.

Kada ka zaci na sauya ra'ayi gaba ɗaya. Har gobe ba na son dandamalin nan, kuma maganar ubanta ta zauna min, ko da yake ban so ta fito daga bakinsa ba. Amma ina ta tunanin abu ɗaya. Ni da nake wa'azin kara, ban yi wa 'yata ita ba. Ko numfashi ban bari ta ja ba a wayar nan.

Ka je shagon, don Allah. Ka sayi ko madubi ne in sai da dalili. Ka ce mata ina so in ji waƙar daga farko har ƙarshe, da shirun da ke tsakiya. In ba za ta karanta min ba ta rubuto. In zagina za ta yi ma ta rubuto, zan karanta, ba kuma da biro ba.

Taubashiyarka


Daga maɗaba'a

Uwar Kanari,

Sallama. Muna nan lafiya. Gwiwa ta karya yarjejeniya, shagon yana da nisa daga tashar mota.

Na je, na sayi madubin da ba na bukata, uwargida ta ce ko ba komai zan riƙa ganin abin da take haƙuri da shi. Kanari tana zaune a bayan kantar shagon, tsakanin fallayen gilashi da aka jingina a bango, ko ta ina ka duba sai ka gan ta. Ubanta ya karɓe ni da mutunci, ya ma fita ya ba mu wuri. Ba ya takura mata da faɗa, ban ga alamar haka ba. Har yabonta ya yi, ya ce ta natsu, abokan ciniki suna cewa ya iya tarbiyya.

Na ba ta saƙonki kalma da kalma. Ta ce, "Kawu, wace waƙa?"

Na ce, "Kanari, ni ne fa."

Ta ce, "Na daina. Na faɗa, an ce na tona. Na rufe, an ce rufewar ma tonawa ce. To ka ga ai babu inda mutum zai tsaya." Ba da fushi ta faɗa ba, tana naɗe min madubin a takarda tana magana.

Na ce yaran dandamalin suna tambayarta, mai gashin nan har maɗaba'a ya zo. Ta ce in gaishe su. Na ce ko layi biyu ta rubuta miki. Ta yagi takarda ta rubuta a tsaye, ta ninke ta ba ni, ta ce ba sai na sa a ambulan ba, babu abin ɓoyewa a ciki. Ga ta nan na haɗo. Ban taɓa mata ko ɗigo ba.

Taubashinki


Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya baya. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ina lafiya. Baba yana lafiya. Karatu yana tafiya daidai. Ina cin abinci, ina yin salla a kan lokaci, ba na zuwa ko'ina.

Kawu ya ba ni saƙonki, na gode. Ki yi haƙuri da ɓacin ran da na jawo miki, ba zai sake faruwa ba.

Ki gaishe da abokan aikinki da tsofaffin da kike kula da su.

Babu wani abu kuma. Gaisuwa ce kawai.

'Yarki